Kawu Mai Ganga da Ƙafafun Maigida

Kawuna ya rasu bayan an kwantar da hatsi, dawa kuwa ba ta isa yanka ba. Ƙanen mahaifiyata ne, autan ɗakinsu, shi ya sa bai ba ni wasu shekaru na a zo a gani ba. Daga Allah muke, can kuma za mu koma. Ni ban yi boko ba, allon ma abin sallah kawai na samu aka cire ni. Faɗa nike yi ɗiyata ta biyu tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mani magana.

Ban iya kukan taro ba. Ko ranar da mahaifiyata ta rasu kallo na yi, sai da gida ya watse na yi abin da zan yi. To haka na zauna a gidan Kawu, jikin zanar da ta raba cikin gida da inda maza ke zaune ƙarƙashin dalbejiya. Akwai wata kafa a zanar, ta nan nike ganin duk wanda ya zo gaisuwa.

Wani tsoho ya zo daga Kaikai, bayanshi ya duƙe kamar har yanzu yana kan garma. Ya yi gaisuwa, aka shafa fatiha, ya samu gefen tabarma ya zauna. Can sai na hangi yatsunshi suna bugun gwiwa, shi bai ma san suna yi ba, sai da na kusa da shi ya zungure shi ya tuna mashi inda yake. Ya yi maza ya ɓoye hannun cikin riga. Wani matashi mai ɗan gemu, cikin masu wa'azin nan na yanzu, ya yi addu'a mai tsawo mai kyau, ya rufe da cewa Allah ya yafe wa mamaci abin da hannunshi ya kaɗa. Wasu suka ce amin da ƙarfi, wasu suka ce ta a hanci. Ni na ce amin, don ba mamacin da ba ya bukatar yafiya, amma na riƙe fuskar yaron.

Bafillatar da ke kawo mana nono ta shigo da ƙwarya guda sadaka. Ta ce ita abin da za ta riƙa tunawa, bai taɓa sayen nononta ba sai ya ƙwanƙwasa ƙwaryar da farce ya kara kunne, ya ce mata wannan ta kusa tsagewa, ta nemi wata. Tun tana jin haushi har ta koma kawo mashi sababbin ƙorai ya zaɓar mata. Matar Kawu kuwa sai da rana ta yi sanyi ta juyo ta ce mani gidan ya yi shiru da yawa. Ta ce mutumin nan ba abin da bai kaɗa ba, kwano, ƙyaure, bokitin wanka, har bayanta in ta duƙa tana tuƙa tuwo.

Mutum ɗaya ne bai zo ba, kuma kowa ya lura. Maigidana. Gidanmu da na Kawu layi ɗaya ne, masallaci ne a tsakani, in ka tsaya ƙofar wannan kana hangen wancan. Amma tun da aka gaya mashi rasuwar yake zaune kan kujera a zaure, ƙafafunshi sun ƙi ɗagawa. 'Ya'yanshi suka kawo babur don su ɗora shi su kai shi jana'iza. Ya ce duk garin nan ba wanda ba za a iya kai shi gaisuwarshi a ɗauke ba, ban da wannan mutum. In da ƙafa zai tafi, in babu a ƙyale shi. Aka kai Kawu aka dawo yana nan inda aka bar shi. Abin da ya sa ya faɗi haka, da abin da ya sa na tsorata ko zaman ke nan har ƙarshen kwananshi, shi nike so a rubuta. Jikokinmu ba su san ko wane ne aka rufe ba. Su a wurinsu wani tsoho ne mai zolaya.

Kawu makaɗin noma ne, gado ya yi wurin kakana. Yaran da suka buɗe ido suka ga shanun huɗa da maganin feshi ba za su gane ba. A da in gona ta fi ƙarfin mai ita sai ya kira gayya, samari da magidanta su taru da garemani, a ja layi kowa da kuyyar da zai huɗe, makaɗi na biye da su da ganga a rataye. Kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takenshi, wato ɗan kiɗin da in aka buga kowa ya san da shi ake, kamar an kira sunanshi da na ubanshi. Mu 'yan mata mu ke kai hura. Ƙawayena samarin suke kallo, ni kuwa abin da gangar ke yi masu nike kallo.

Na ga mutum ya gaji har ya dafa ƙugu, leɓe ya bushe, yana waigen inuwa. Sai Kawu ya matso bayanshi ya canza hannu. Nan take wuyan mutumin ya miƙe, ya kurma ihu ya sunkuya, ƙasa na tashi hagu da dama. Hurar da zai sha tana bisa kaina ban ko sauke ba. To ƙarfin daga ina ya fito? Bai ci komai ba, bai huta ba. Abin da aka buga mashi kuma fatar akuya ce da icce da igiya.

Na daɗe da tabbacin akwai laya cikin gangar nan. Wata rana ina amarya na iske shi yana sake mata fata, na tsaya a kanshi na ce ina so in ga cikinta. Ya yi dariya har igiyar ta kuɓuce mashi, ya miƙo mani iccen. Na leƙa, na zura hannu na shafa ko'ina, na kife na girgiza. Ba abin da ya faɗo sai ƙura da busasshen kyankyaso.

"Kin samu, ɗiyar Yaya?"

Na ce wataƙila ya cire kafin in zo.

Ya kama kunnenshi ya ja. "Ga inda take. Ke ma kina da biyu, ba ki dai aiki da su sai wurin jin abin da maƙwabta ke cewa."

Ranar ya gaya mani yadda yake yi. Ya ce shi ba ya fara kiɗi da abin da yake so. In ya tsaya bayan mutum sai ya dubi kafaɗarshi, ya ga yadda garma ke sauka, ya buga daidai da wannan saukar ko da ta raggo ce. Ya yi ta bin shi haka har mutumin ya rasa gane ko shi ke bin ganga ko ganga ke bin shi. A nan ne zai ɗan ƙara sauri, kaɗan yadda ba za a ji ba, sai jikin ya biyo. Take kuma ba a buga shi da wuri, ajiye shi ake sai an ga mutum ya kusa ƙarewa. Na tambaye shi abin da ya sa taken wani ba ya tada wani. Ya ce shi ma abin na ba shi mamaki. Ya taɓa gwada wani kiɗi da ke haukata mutanenmu a kan wani baƙo da ya zo ƙwadago daga nesa, baƙon ko gezau, yana ta nomanshi kamar a wani gari ake yi. Ya ce ga alama sai kunne ya sha abu tun yana ɗanye, ya haɗa shi da wata rana da wasu mutane, sannan yake aiki. Amma ya ce shi bai sani ba, gani dai yake yi. Ni kuwa mutumin da ya iya cewa bai sani ba shi nike yarda da shi.

Ɗiyar nan da ke rubutu, tana jaririya ta taɓa yin wani kuka da ya gagari kowa. Tun hantsi ake fama, an ba nono ta ƙi, an goya ta ƙi, uwar mijina ta ce a nemo rubutu. Kawu ya shigo gaida mu ya ce a miƙo ta. Ya kifa ta a kafaɗa ya shiga bubbuga bayanta da sauri da sauri, daidai da yadda take shessheƙa, har na yunƙura in ƙwace abata. Sannan ya fara sassautawa, yana ragewa, kukan na biye da hannun, har ta saki jiki ta yi barci. Ya miƙo ta yana cewa mu mata muna lallashi a hankali, yaro kuma na can yana gudu, ina za mu haɗu? Ya ce sai ka je ka tarar da shi inda yake, ku dawo tare.

Da gayya ta mutu ya rataye ganga, amma bai zama cikin tsofaffin nan masu zagin zamani ba. Ranar kasuwar Kankiya yakan je ya zauna rumfar yaran da ke tura wa mutane waƙa a waya. Ba ya sayen komai. Ƙafafun masu wucewa yake kallo. Ya dawo ya ba mu labari cewa kiɗin nan nasu na inji ne, ba ya gajiya ba ya kuskure, kuma ba ya kallon kowa. Amma duk da haka ya ga mai tallan rake ya ratsa gaban rumfar yana jefa ƙafa daidai da kiɗin, fuska a murtuke, bai san an kama shi ba. Wani jikanshi ya taɓa sa mashi abin nan da suke toshe kunne da shi. Ya yi shiru yana saurare, ya cire ya juya shi a hannu, ya ce kamar makaɗi ya shiga cikin kwanyarka ya rufe ƙofa. Abin da ya dame shi, in ana kaɗa yaro shi kaɗai, wa zai tsaya kusa ya ga in kiɗin ya fi ƙarfinshi?

Ya san abin da ya sa ya yi wannan tambayar, ni ma na sani.

Maigida yana saurayi duk yankin Mawashi ba wanda ke shan gabanshi a kuyya. Tsakaninshi da Kawu akwai surukuta. Ba ya cin abinci gabanshi, in sun haɗu a hanya durƙusawa yake ya gaishe shi ido a ƙasa, magana ba ta wuce ta lafiya da ruwa. Amma in aka shiga gona, Kawu na kiran shi da ganga yadda ya ga dama, ya zuga shi, ya tsokane shi, shi kuma yana mayar da amsa da garma. Duk hirar da suka taɓa yi a duniya can suka yi ta.

Wata damina aka kira babbar gayya, aka ce akwai wani gwarzo da zai zo daga wajen Tafashiya. Maigida ya kwana da zazzaɓi, amma ya ce in bai fita ba za a ce tsoro ya ji. Da safe na tari Kawu a hanya na ce mashi mutumin nan ba shi da lafiya, kada ya buga mashi take yau. Ya ce ya ji. Aka ja layi. Rana ta take, baƙon ya fara yi wa Maigida nisa, mutanen garinmu suka ɗauki ihu. Sai na ji taken. Maigida ya riga baƙon kai ƙarshen gona, ya ɗaga garma sama, ya zube a wurin. A amalanke aka kawo mani shi. Sauran daminar a kwance ya yi ta, haki ya cinye gonarmu, shekarar da awo muka ci tuwo.

Na tafi gidan Kawu, ban durƙusa ba.

"Kawu, na gaya maka ko ban gaya maka ba?"

"Kin gaya mani. Hannun ne ya riga ni."

Na ce to hannun da mai shi kada su ƙara wuce zauren gidana. Daga baya ya aiko matarshi ta gaya mani wai shi ma kaɗa shi aka yi, ihun mutane ya yi mashi abin da yake yi wa manoma, bai san lokacin da ya buga ba. Na yarda haka ne, don Kawu ba ya ƙarya. Amma ban janye ba, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba. Zumunci ban yanke ba, muna gaisawa wurin buki da wurin makoki, yarana na zuwa gidanshi. Shi dai bai sake taka cikin gidana ba, har gashina ya yi fari.

Tsufa ya zo wa Maigida ta hannu. Hannun dama ya fara karkarwa, in ya ɗauki moɗa rabin ruwan a ƙasa yake ƙarewa. Daga nan abin ya sauka ƙafa. Zai miƙe lafiya lau, ya yi niyyar tafiya, sai ƙafafun su kafe kamar an dasa su, musamman in ya zo dokin ƙofa. Ka ga gwiwa na rawa, gumi na zuba, shi yana so ita ta ƙi. Yara suka kai shi asibiti Katsina. Likitan ya ce ƙafar ba abin da ya same ta, saƙo ne daga kai ba ya isa gare ta a kan lokaci. Ya ba da ƙwayoyi, sun kuma yi amfani, karkarwar ta ragu. Amma dokin ƙofa ya ci gaba da gagarar shi. Ya bar zuwa masallaci. In aka kira sallah sai ya juya fuska ga bango, kuma wannan ya fi ciwon cin shi.

Wata rana da hantsi na ji sallamar Kawu. Na fito na iske shi tsaye a waje, ƙafarshi ba ta taɓa zauren da Maigida ke zaune ba, ga ganga a kafaɗa duk yanar gizo.

"Ɗiyar Yaya, ban shigo ba, kin gani. Akwai abin da nike so in gwada."

Ba huce fushi ya sa na ƙyale shi ba. So nike in ga abin da zai faru. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga gula, sandan kiɗin nan, ya saki taken Maigida, yadda yake buga shi a da, da zafinshi. Na ga idon mijina ya buɗe. Hannun nan mai karkarwa ya tsaya cak, ya dunƙule kamar ya riƙe ƙotar garma. Ya yi wata ƙara da na manta yana da ita, ya zabura gaba da dukkan ƙirjinshi. Ƙafafun ba su bi shi ba. Da fuska ya sauka, leɓe ya fashe, haƙori guda ya fita. Na duƙa ina share jini da bakin zanena, Kawu na tsaye gula na reto a hannunshi. Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Sau biyu ke nan." Ya juya ya tafi.

An ɗan kwana biyu, an kira la'asar ina tuƙa tuwo, sai na ji wani abu daga bayan katanga. Kiɗi ne a hankali, da yatsu ake yin shi ba da gula ba. Bugu mai nauyi, a ɗan tsaya, wani mai nauyi, da wani ƙarami a tsakaninsu kamar numfashi. Na ɗan jima kafin in gane shi. Shi ne wanda ake yi in an gama gayya rana ta faɗi, mutane sun saɓa garemani sun kama hanyar gida. Ba taken kowa ba ne, ba a yabon kowa da shi, kiɗin gajiyayyu ne. Na fito da muciya a hannu don in kori Kawu.

A zaure na iske Maigida tsaye, kanshi na ɗan kaɗawa. Ƙafar dama ta ɗaga ta sauka kan bugun. Ta hagu ta ɗaga ta sauka kan na biye. Ya ƙetare dokin ƙofa kamar ba shi ne ya gagare shi wata da watanni ba. Ya kama hanyar masallaci, Kawu na biye da shi daga ɗan nesa, ido a kan diddigenshi. In ƙafar ta yi jinkiri sai hannun ya jira ta. Ina nan tsaye da muciya har na ji ƙaurin tuwona.

Tun daga ranar ya zama aikin Kawu, azahar da la'asar da magariba. Akwai wani durumi kafin masallaci, nan yake tsayawa ya rataye gangar a reshe, don ba a kai ganga ƙofar ɗakin Allah. Sauran 'yar tafiyar Maigida da bakinshi yake ƙarasa ta, yana gunin kiɗin ƙasa ƙasa har ya shiga sahu. In an idar, Kawu ya sauke abarshi ya rako shi gida. Wasu suka kai ƙara wurin liman. Liman ya ce shi bai ga ganga a masallacinshi ba, mutum dai ya gani wanda ya daɗe bai gani ba. Abokan wasan Maigida kuwa suka samu abin yi, wai duk ƙasar Kusada shi kaɗai ake rakawa sallah da kiɗi kamar ango. Kawu ya taɓa leƙowa ya tambaye ni ko yanzu an yarda ya wuce zaure. Na ce zauren dai. Amma na fara aika mashi da tuwo.

A zauren na sake tsare shi da tambaya, me ya sa wancan ya kada shi wannan ya tada shi. Ya ce ya yi ta juya abin. Take saurayi yake kira, saurayin kuma ya amsa, yana nan ciki bai mutu ba, jikin ne ba nashi ba yanzu. Wannan kuwa ba ya neman komai wurin mutum, inda ƙafa za ta sauka kawai yake nuna mata. Ya ce abin da bai gane ba, in saƙo daga kai ya kasa isa ƙafa, ta wace hanya na kunne ke bi ya isa? Ya ce in na samu wanda ya sani in tambayo mashi. Babban ɗanmu ya ɗauki kiɗin a waya don ranar da Kawu ba ya nan. Yakan yi aiki wani lokaci, amma in ƙafa ta ɗan harɗe waya ba ta jira, sai ta wuce ta bar shi a tsaye.

Ciwon Kawu bai yi tsawo ba. Ƙirji ne. Ranar da ya kwanta ya aiko a ba Maigida haƙuri, wai yau a yi sallah a gida. Bai sake tashi ba.

To ga gidan makoki, ga Maigida a zaure yana hango mutane na shiga suna fita. Ba a kiɗi a mutuwa, ba mai ɗaukar ganga ya bi layi da ita ana zaman makoki. Ɗanmu ya ce bari ya sa mashi wayar a aljihu a hankali ba wanda zai ji. Yana jin bugun farko ya rufe fuska da hula, ya ce a kashe. Ya gwada gunin da bakinshi, muryar ta karye. Abinci ma ya fara turewa.

Ranar sadakar uku mata suka auna hatsin gumba, aka surfe aka wanke, suka ce a kai inji a huta. Na ce ba za a yi wa Kawu gumbar inji ba. Suka dube ni, don sun san rabona da taɓarya tun kafin a aurar da auta. Na sa aka mirgino babban turmi, na ce a kai shi can jikin zana, ta ɓangaren da ke duban gidanmu. Na kira 'ya'yan Kawu mata biyu, na ba kowace taɓarya. Na ce ni da babbar mu ke saukar da masu nauyi, ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar ta riƙa jefa nata a tsakani da sauƙi. Tun ina yarinya nike so in san ko abin cikin ganga yake ko cikin kunne. Dakan sadaka kuma ba malamin da zai hana.

Muka fara. Babbar ta ɗauki sauri irin na mai son ta gama, na ce ta bi ni.

"Yaya, wannan ai dakan marasa lafiya ne. Haka sai magariba."

"Ko sai gobe. Bi ni."

Ta bi. Na kafa ido a kafar zana. Tsofaffin da ke kan tabarma suka fara ɗaga kai ɗaya bayan ɗaya, hirarsu ta mutu. Can ƙarshen layi ƙofar zaurenmu na nan baƙi ƙirin, ba motsi. Kafaɗata ta fara zafi. Sai na ga farar riga ta tsaya a bakin ƙofar. Ta daɗe a tsaye. Na ce wa yaran kada wadda ta canza hannu. Ƙafa ɗaya ta fito.

Maigida ya wuce durumi, ya wuce masallaci. Daidai bakin rijiya ƙafar ta harɗe, ya tsaya yana rawa. Na riƙe taɓaryata a sama, na yi wa babbar ido ta riƙe tata. Muka jira. Da na ga diddigen ya ɗaga sai na sauke, muka sauka tare. Wani ɗanmu ya taso zai kama shi, tsohon nan na Kaikai ya fizgo rigarshi ya zaunar da shi. Haka Maigida ya yi ta takowa har ya iso ƙarƙashin dalbejiya, ya dafa icce ya sauka kan tabarma. Ya ɗaga hannuwanshi masu karkarwa, maza suka ɗaga nasu.

Na jingina taɓarya na ɗaga nawa daga bayan zana. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe mashi wanda ya sani da wanda hannu ya riga shi. Kunnen nan da ya ƙare kwananshi yana saurare, Allah ya jiyar da shi abin da ya fi duk abin da ya taɓa ji daɗi.

Matar Kawu ta leƙa turmi ta murza garin a yatsa, ta ce ya yi laushi har ya wuce, a kwashe. Na ce a kwashe, a kuma auno wani hatsin a wanke, don ai sai Maigida ya koma gida.